Sawun Mota a Matacciyar Hanya

Da na dawo daga bikin askin jikan maƙwabciyarmu Pagma rana ta karkata, sai na tarar da maruƙanmu sun kutsa cikin shanu suna tsotso. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta bar haka ta faru ba. Da safe ta je bikin, ta yanki gashin yaron, ta ba shi tukwicinsa, ta dawo gida saboda maruƙan nan. Na leƙa tanti, shayi ya huce a kan murhu. Na yi ta kira, shiru.

A bakin tsohon mashigin kogin Shargal na same ta, kwance rub da ciki cikin ciyawa, takalminta ɗaya can nesa da ita. Ni malamar lissafi ce a babban garin lardi, hutu ya kawo ni gida, ban san komai game da gawa ba. Amma ko yaro ya ga yadda ƙugunta ya karye ya san ba saniya ce ta yi wannan ba.

Kafin gari ya waye kwarin nan kaf ya yanke hukunci cewa Baasan ne. Baasan na da tsohuwar babbar mota da yake ɗibar itace da ita, kuma babu bikin da ya taɓa bari da ƙafafunsa tsaye. Samari biyu suka je suka farfasa masa gilashin gaba. Da aka faɗa mini, na ce da ma kansa suka fasa.

Ochir, ɗan sandan gundumarmu, ya zo a kan babur ya yi aune-aunensa. Shi kaɗai ne a gunduma guda, kuma bai ɓoye mini ba cewa motoci sun fi ashirin a bikin, direbobinsu kusan duk sun sha. Shi da kansa ya ce in je in roƙi Namsrai.

* * *

Namsrai ya haura sittin. Kunnensa ɗaya ya mutu tun yana soja, kuma ba shi da fara'a ko ta sisi. In an sace dawakai ko kyarkeci ya addabi garke, shi ake nema. Da ya iso wurin ya ga yadda dawakan masu jaje suka tattake ƙasa, sai ya zage su tas, har da kawuna. Ya ce kowa ya koma baya. Ya bar dokinsa, ya taka da ƙafa ya yi gabas har ya zama ɗigo, sannan ya dawo a hankali yana duban ƙasa, ya wuce ni, ya bi gaɓar kogi ya yi arewa. Sai da rana ta take tsaka ya dawo.

Ya ce ƙaramar mota ce, irin waɗanda suka cika ƙasar nan, tayarta ba ta da wata alama. Ta taho a guje daga wajen bikin. Ba ta taka birki ba sai bayan ta buge Inna, kuma ko a nan ba don Inna ta taka ba, sai don gaɓar da ta zabtare a gabanta. Daga nan ta yi baya.

Na tambaye shi ko direban ya fito. Ya yi kamar da mataccen kunnen na yi magana. Na zagaya ɗaya ɓarin na sake tambaya.

"Ya fito, ɗiyata," ya ce. "Ya tako har inda take. Ya tsaya. Ya koma."

"Tana da rai a lokacin?"

Ya nuna mini inda ciyawa ta kwanta, tsawon kamu huɗu ko biyar daga inda ta fara faɗuwa zuwa inda na same ta. Ta ja jiki ta nufi gida. Asibitin gunduma kuwa tafiyar shan shayi ɗaya ce a mota.

Ban yi kuka a wurin ba. Na ce masa ko ƙarƙashin ƙasa mutumin nan ya shiga ina so a tono mini shi.

* * *

Bayan an kai Inna makwancinta muka je ofishin Ochir. Ya buɗe kwamfuta ya shigar da sunayen waɗanda aka gani sun tuƙa mota daga bikin, ɗaya bayan ɗaya. Mutum shida aka taɓa kamawa da tuƙi cikin maye. Baasan ne a sama: sau uku, an karɓe lasinsa sau biyu, an mayar masa sau biyu. Na tambayi Ochir wane irin hankali ne a mayar wa irin wannan mutum lasisin tuƙi. Ya ce ba shi ya rubuta doka ba. Na ce amma shi ke ganinsa kullum a hanya.

Namsrai ya tuna mini cewa ƙaramar mota ce. Na ce mashayi ba ya rasa wanda zai ara masa mota.

Mun sami Baasan yana manna leda a inda gilashinsa yake, leɓensa a kumbure. Bai ce mu shiga ba. Na ce masa na ga tarihinsa da idona, sau uku.

"Sau huɗu ne, malama, ɗaya ba a rubuta ba," ya ce. "Ki ƙara a lissafinki."

Na ɗauki dutse. Namsrai ya riƙe hannuna ba tare da ya dube ni ba, ya tambaye shi inda ya kwana ranar bikin. Baasan ya ce ƙarƙashin amalanken Pagma, kuma karen gidan shaida ne, don tare suka kwana. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta sauka. Ya ce mahaifiyata ce kaɗai a kwarin nan da ba ta taɓa ɓoye kwano in ta hango shi tafe ba.

"Ni mashayi ne, ba wawa ba," ya ce. "Wa zai bi tsohon mashigi? Ko da rarrafe nake tafe na san kogi ya cinye shi tun ambaliyar bara waccan. Ni na jawo motar likitan dabbobi daga ramin nan da igiya."

Namsrai ya sa shi ya maimaita, ya juya masa kunnensa mai ji. Daga nan bai ƙara tambayar komai ba. Ya miƙa masa kwalbar tabar shaƙa, suka gaisa irin na dattawa, muka hau dawakai.

* * *

Akwai wani baƙo a bikin, mai sayen ulu daga birni. Yana da ƙaramar mota, ya sha har ya yi waƙa, ya tafi da wuri. Ni na kafe cewa shi ne, tun da baƙo ne kaɗai ba zai san hanyar ta mutu ba. Muka bi shi yamma daga zango zuwa zango har muka cim masa yana awon ulu. Ya tsorata ƙwarai, ya buɗe mana motarsa ciki da waje. Matan zangon farko suka tabbatar tun rana na sama ya iso wurinsu, ya yi amai a bakin garke, ya yi barci. Ko kusa da kogi bai je ba.

A hanyar dawowa Namsrai ya kai ni inda tsohuwar hanya ta rabu da sabuwa, ya ce in nuna masa ita. Na duba, na duba. Sabuwar ga ta nan fara tas, tayoyi sun ƙwaƙule ta. Tsohuwar kuwa ciyawa ta rufe ta ruf, ni da aka haifa a nan ma sai da na tuna da wani dutse kafin na gane bakinta.

Ya ce baƙo abin da idonsa ya gani yake bi. Wanda ya karya kan mota ya shiga nan a guje ba da ido ya shiga ba, hannunsa ne ya san wurin. Ɗan gida ne. Amma da ya iske gaɓa ta zabtare bai san inda sabon mashigi yake ba. Ya bi bakin kogi yana lalube kamar makaho, ya gwada nan ya fasa, ya gwada can ya fasa, har ya dace. Ɗan gida ne da bai san an yi ambaliya a gida ba.

Muka koma wurin Pagma ta lissafo mana waɗanda suka zo daga nesa. Ɗalibai duk damina suna gida. Wani soja ɗan ƙanenta ya zo gida bara. Wanda ya rage Tumee ne, ɗan Tsermaa, wanda ya yi shekara uku yana aiki a Koriya. A ranar bikin da safe uwarsa ta ɗauko shi daga tashar gunduma suka zarce wurin taro, ko gida bai kai ba. Gidansu kuwa a tsallaken kogi yake.

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar. Tsermaa aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, nono ɗaya suka shayar da ni da Tumee in ɗayarsu ta fita kiwo. Tun da abin ya faru kusan kullum tana tantinmu, ita ke dafa wa masu jaje shayi, ita ke kunna fitilar man shanu a gaban hoton Inna. Tumee kuwa da idona na ga an miƙa masa giya, ya tsoma yatsa ya taɓa goshi ya miƙa gaba bai sha ba. Kowa ya yaba, ana cewa Koriya ta gyara shi. Ga shi kuma Tsermaa ta riga ta faɗa wa Ochir cewa ita ta tuƙa shi gida da rana saboda gajiyar tafiya.

Na ƙara da cewa ko 'yan Koriya ma sun san da ambaliyar. Ɗiyar kawuna da ke can a ranar ta kira ni tana kuka, ta ga hoton ruwa yana tafiya da tumaki a waya. Babu ɗan gundumar nan a duniya da bai gani ba.

"To ina ne mutum zai zauna shekara uku babu waya a hannunsa?" Namsrai ya ce.

Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin hoton Tumee a Koriya ba. Duk uwar da ɗanta ke can sai ta ishe ka da hotuna, yana cin abinci, yana tsaye a gaban dogon gini. Tsermaa kullum cewa take masana'antarsu ta hana waya.

* * *

Namsrai ya ce mu biya mu gaishe su, kada in ce komai. Tumee yana gyaran sirdi a bayan tanti. Ya rame, ya yi fari irin na wanda bai sha rana ba. Ya miƙe ya yi mini ta'aziyya idonsa a ƙasa. Namsrai ya zauna ya sha shayi, ya tambaye shi ko gaskiya ne mutanen can barkono suke ci da safe. Ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi wane gari ya zauna, ya ce kusa da babban birni. Duk tambayar da aka yi, kafin ya gama amsa Tsermaa ta karɓe, ta tura mana busasshen cuku, ta ce in ci, na rame. Motarsu tana gefe an lulluɓe ta da bargon ulu, wai saboda ƙanƙara.

Ochir ya ƙi buɗe tarihin tuƙin Tumee. Ya ce babu wanda ya ga Tumee a bayan sitiyari, uwarsa ta ba da shaida, kuma in ya fara tona asirin mutane don ciyawa ta kwanta hagu ko dama, gobe shi za a tuhuma. Ya ce in kawo masa abin da zai riƙe. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce hukuncin kotu ba sirri ba ne, kowa na da ikon karantawa.

Na tafi babban gari. A kotun lardinmu wata ma'aikaciya ta duba ta ce babu shari'a da sunansa. Na tambayi na sauran lardunan, ta ce kowace kotu da nata, amma ana sa hukunce-hukuncen a intanet, sai dai an taƙaita sunaye zuwa haruffan farko. Ta tambaye ni wane lardi, wace shekara. Na ce ban sani ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai neman allura a cikin ruwa.

Na kira Namsrai. Ya ce kafin zancen Koriya ya taso, yaron yana tuƙa manyan motocin kwal a kudu, wajen iyaka. In fara daga can.

Makarantarmu a rufe take, amma maigadi ya buɗe mini ɗakin kwamfuta. Na zauna ina karanta hukuncin masu tuƙi cikin maye na lardunan kudu ɗaya bayan ɗaya. Ban san yawansu ya kai haka ba. Wanda ya take makiyayi, wanda ya kifar da matarsa da 'ya'yansa, wanda ya shiga tanti da mota mutane na cin abinci. Kusan kowanne a ƙarshe an rubuta cewa ya yi nadama, shi ke ciyar da iyali, an sassauta. Na karanta kalmar nadama har na daina ƙirgawa. Sau biyu na ɗauka na samu, haruffan suka dace, amma shekarar haihuwa ta saɓa.

A rana ta uku na same shi. L.T., harafin sunan mahaifinsa da na sunansa, direban motar kwal, haifaffen gundumarmu, shekararmu ɗaya, ba shi da mata, yana da uwa ɗaya da ke kiwo. An taɓa kama shi da maye a hanya sau biyu. A karo na uku ya bi ta kan babur, ya kashe wani mutum da ɗansa mai shekara tara da ya ɗauko daga makaranta. An ɗaure shi, an hana shi tuƙi har shekara uku bayan fitowarsa. A cikin waɗanda suka roƙi sassauci an ambaci mahaifiyarsa. Ta je kotun, ta tsaya a gaban alƙali. Ta dawo ta ce mana ta raka shi filin jirgi.

Na buga takardar na kai wa Ochir. Ya karanta a tsaye, ya zauna, ya shigar da lambar katin shaidar Tumee. Abin da ke takardata shi ne a kwamfutarsa. Ya ce wannan ya nuna ko wane ne Tumee, amma bai sa shi a cikin motar ranar bikin ba. Muddin uwar na cewa ita ta tuƙa, sai an sami wanda zai ƙaryata ta.

* * *

Ranar sadakar mako uku tantinmu ya cika. Ga kawunaina, ga Pagma da mijinta, ga Ochir a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa. Baasan ma ya zo, Namsrai ne ya je ya taho da shi, mutane suka matsa suka bar masa fili kamar mai ƙaiƙayi. Tsermaa na wajen murhu tana zuba shayi. Tumee na can ɓangaren maza kusa da ƙofa.

Da aka gama cin shinkafa da zabibi, Namsrai ya ajiye kwanonsa. Bai iya jawabi ba. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa tiryan-tiryan, yadda motar ta shiga matacciyar hanya, yadda ta yi lalube a bakin kogi. Ya ce duk wanda ya kwana a kwarin nan cikin shekara biyu ba zai yi haka ba, ko da maye ko babu. Samarin da suka fasa gilashin Baasan suka sunkuyar da kai.

Sai ya juya ga Tsermaa ya tambaye ta ta wane mashigi ta bi da ta kai ɗanta gida. Ta ce sabo mana, ita mahaukaciya ce? Ya tambaye ta ko ta dawo wurin bikin. Ta ce a'a.

Ya juya ga Pagma ya tambaye ta wa ya taya ta wanke tukwane.

Pagma ta dubi Tsermaa, ta dubi hoton Inna. Mijinta ya ce ta faɗa, shi ya gaji da riƙe abin nan a ciki. Ta ce Tsermaa ce, har shanu suka dawo tana wurin, mijin Pagma ne ya kai ta gida a babur. Washegari Tsermaa ta zo ta roƙe su kada su faɗa, wai wani abokin Tumee ne ya kai shi, ba ta so 'yan sanda su dami yaron da ya dawo jiya-jiya.

Na miƙe na zaro takardar. Na karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, irin yadda nake karanta wa 'yan aji sakamakon jarrabawa, har shekarun yaron da ke bayan babur. Da na kai inda aka ambaci mahaifiyarsa sai na tsaya na dube ta.

"Gwaggo Tsermaa, wannan ce Koriyar?"

Ludayin na hannunta. Ta ce ita ce ta tuƙa, ita ta buge, a kama ta. Namsrai ya ce ƙafar da ta sauka daga motar ta namiji ce, kuma ita ta san sabon mashigi kamar tafin hannunta.

Tumee ne ya ce ta bari. Bai ɗago kai ba. Ya ce a gaban mutane ya ƙi sha, amma kowa sai tambayarsa yake labarin Koriya, yana ƙirƙiro ƙarya a kan ƙarya, har ya kasa. Ya zagaya bayan amalanke ya sami kwalba. Uwarsa ta iske shi yana tangaɗi. Ta ce in aka gan shi haka za a fara tambaya, ta danƙa masa makulli ta ce ya ɓace ya tafi gida kafin wani ya lura.

Kawuna ya yunƙura, Ochir ya tare shi da hannu.

Na tambayi Tumee ko Inna ta gane shi da ya tsaya a kanta. Ya ce ta gane shi. Na ce me ta ce.

"Ta ce, Tumee, ka dawo?"

Na ce sai kuma me. Ya ce sai ya tuna gidan yari, ya koma mota.

Tsermaa ta saki ludayin ta rarrafo ta kama gefen rigata. Ta ce ita ta shayar da ni, in dubi nonon da na sha. Ta ce ba ta san abin da ya faru ba sai da ta iso gida ta ga gaban motar, kuma daga nan me uwa za ta yi? Ta ce duk shayin da ta dafa a tantin nan da hawaye ta dafa shi.

"Kin san ya kashe mutum biyu," na ce. "Kin je kotu kin ji da kunnenki. Kin gan shi yana tangaɗi, kika ba shi makulli don kada a yi da ke a wurin biki. Sannan kika zauna a nan mako uku kina kallo ana jifan Baasan. Sakar mini riga."

Ba ta saka ba, sai da na fizge. Na ɗauki tukunyar shayin da ta dafa na fita da ita na kifar a ƙasa. A wurinmu ba a zubar da abin da aka sa wa madara, tsofaffi suka yi ta salati irin nasu. Ban damu ba.

Ochir ya tafi da Tumee a bayan babur. Da aka yaye bargon da ke kan motar, fitilar hagu sabuwa ce fil, ƙarfen gaba kuma an buga shi da guduma an miƙe.

* * *

Kwarin ya rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na yi daidai. Wasu suka ce ko ba komai bai kamata in tozarta tsohuwa a gaban jama'a ba, da na bar hukuma ta yi aikinta a asirce. Na ce asirce ɗin ne ya kashe Inna. Samarin nan biyu kawuna ya tilasta musu suka sayo wa Baasan gilashi. Ya karɓa, ya ce saura leɓe.

Namsrai bai karɓi komai a hannuna ba sai tunkiya ɗaya, ita ma sai da ya zaɓi ramammiya. Da na ce zai zo kotu, ya ce sai in an kira shi, akwai kyarkeci a arewa da ke jiransa.

An yi shari'ar a babban gari da farkon sanyi. An tuhumi Tsermaa ita ma, da ba da mota ga wanda aka hana tuƙi da kuma shaidar ƙarya. Lauyansu ya tashi ya fara zancen nadama, na yunƙura zan tashi. Sai wata mata da ban sani ba, wadda ke zaune kusa da ni tun safe da jakar tafiya a cinyarta, ta dafa gwiwata. Ba ta wuce shekaruna ba, amma gashinta ya yi furfura. Ta ce daga kudu take, kwana biyu ta yi a hanya. Wani ma'aikacin kotunsu ne ya gaya mata an nemi tsohon fayil ɗin mijinta da ɗanta.

Na tambaye ta ko za ta yi magana a gaban alƙali. Ta ce ta yi a karon farko, ta faɗa musu zai sake, aka rubuta, aka rufe.

"Yau zuwa na yi in ga ko zai ɗago kai ya dube ni," ta ce.

Alƙali ya ba shi shekara goma sha ɗaya, uwarsa kuma ɗaurin talala. Da za a fita da shi dole ya bi ta gabanmu. Matar ta miƙe tsaye, ni ma na miƙe. Ya wuce mu yana kallon takalmansa.